Katantanwa a Kan Rufin Mai Taya

Yammar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Rana ta sunkuya bayan tafki ta bar wani ja-ja a saman ruwa, masu wanka sun watse, sai takalman yara marasa 'yan'uwa da aka manta a kan yashi. Mai Taya ya gama jera tayoyinsa na roba a cikin rumfa, guda goma sha bakwai, har da wadda ta sha faci sau shida da yake kira Kaka, ya ja ƙofar ya kama hanyar gida.

Sana'arsa ke nan tun yana da gashi a ka. Ya hura wa tayoyi iska, ya ba masu zuwa shaƙatawa haya, ya tsaya a bakin ruwa yana tsokanar bayin Allah. Shi ne zai dubi mai ƙaton tumbi ya ce, "Alhaji, kai ba ka buƙatar taya, an haife ka da taka." Mutane su yi dariya, shi ma mai tumbin ya yi. Ba a fushi da Mai Taya, don kafin ka haɗa rai ya riga ya tsokani kansa fiye da yadda ya tsokane ka.

Gidan nasa ɗaki biyu ne da tsakar gida, rufin kwano, tafiyar minti biyar daga ruwa. Mutum uku ne a ciki yanzu: shi, da yayarsa da kowa ke kira Goggo, da 'yarsa Auta mai shekara goma sha shida. Da can su huɗu ne.

Ana gab da kiran magariba Auta ta shigo da manjagara a kafaɗa da bokiti a hannu, zaninta jiƙe har cinya. Ta zauna a dokin ƙofa ta fara sosa ƙafa. Goggo tana hura wuta. Iska ta tsaya cak, irin tsayawar da ko ganye ba ya motsi, har kajin maƙwabta suka yi shiru.

Sai ƙwas, a kan kwano.

Goggo ta ɗaga kai. "'Ya'yan mutanen nan ba su da tarbiyya."

"Bar su, Yaya," in ji Mai Taya daga inda yake alwala. "Duwatsun gini suke tara mana, bene za mu yi."

Ƙwas. Ƙwas. Wani abu ya gangaro daga rufin ya faɗo gaban butarsa. Ya ɗauka ya duba a sauran hasken da ya rage. Ba dutse ba ne. Ƙaramar katantanwa ce irin ta tafki, jiƙe, da taɓo a jikinta, tana ja da kanta ciki da ranta. Kafin ya buɗe baki sai suka zubo kamar ƙanƙara, rufin ya ɗauki kuwwa, Goggo ta saki mafici tana salati. Ya fita a guje ya zagaya gidan, babu kowa, ko kare. Da ya dawo, tsakar gida ta cika da warin ruwan kwance, Auta kuwa tana nan zaune inda take, ba ta ko ɗaga kai ba, sai sosa take yi a hankali, tana kallon ƙofar ɗakin mahaifiyarta.

Mahaifiyar nan wata huɗu ke nan da rasuwa. A bakin tafki ba wanda ya san ta da wani suna sai Maman Tawul. Tafkin yana da hali: in ruwa ya yi ɗumi, agwagin daji suka sauka, duk wanda ya daɗe a wurin da ba zurfi sai ya kwana yana susa. Ita ta gano da kanta cewa in an goge jiki da ƙarfi da zarar an fito, abin ba ya kamawa sosai. Don haka kullum tana tsaye a bakin ruwa da tawul mai kaushi, duk yaron da ya fito sai ta cafke shi ta dirje shi kamar tukunya, yana ihu tana cewa, "Yi kukanka yanzu, gobe ka gode mini." Da yamma kuma sai ta shiga da manjagara ta tattara katantanwar da ke wurin wanka, ta cika bokiti, ta kai can ƙarshen tafki inda dogayen ciyayi suka yi duhu, ta juye. Ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba. In ta isa wurin sai ta yi sallama, ko da ba kowa, ta zauna a kan wani dutse ta huta, tana 'yan maganganunta ita kaɗai. Mai Taya ya sha tsokanarta a kan haka, wai ta yi ƙawaye da kwaɗi. Shekara goma sha tara tana wannan aiki.

Da ta kwanta ciwo, sati uku kacal ta yi. Mai Taya ya yi duk abin da ake yi, ya karɓi gaisuwa, ya ce amin inda ake cewa amin, amma ba wanda ya ga hawayensa. Bayan kwana bakwai ya koma bakin ruwa. Da yara suka zagaye shi suna tambaya ina Maman Tawul, sai ya bushe da dariya ya ɗaga murya yadda duk tafkin zai ji, ya ce, "Ta gaji da ku! Ta tafi wajen ƙanwarta hutu. Tana nan dawowa da sabon tawul mai ƙaya!" Yara suka yi tsalle. Washegari wasu suka tambaya, ya maimaita. Haka ya riƙa faɗa kullum, har wata huɗu, manya suna jin sa suna kau da kai.

To tunda ba mai tawul kuma ba mai bokiti, ƙaiƙayi ya yi yawa, iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa. Shi ya sa a ranar nan Auta ta ɗaura tsohon zanin aikin uwarta, ta ɗauki manjagara, ta yi abin da ta saba gani. Har sallamar ta yi a gindin ciyayi. Da ta fito daga ruwa, ba wanda ya goge ta.

Da gari ya waye ƙafafunta sun yi jajayen ƙuraje tun daga idon sawu har gwiwa. Mai Taya ya kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin, wata mai tabarau da ba ta da lokacin wasa, ta duba sau ɗaya ta ce, "Tafki ne. Kai ma ka sani. Wasu 'yan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, a jikin agwagwa suke rayuwa, ƙwansu ya biyo kashinta ya faɗa ruwa, su shiga katantanwa su girma, su fito suna neman wata agwagwar. In suka ci karo da mutum sai su shige fatarsa."

"Wato 'yata ta yi kama da agwagwa ke nan?"

"Ɓatan kai ne kawai," in ji nas, ko murmushi babu. "Ba gidansu ba ne, a nan suke mutuwa. Ba ya yaɗuwa. Ta shafa wannan, ta daina susa, sati guda ya wuce."

Ya karɓi farin man ya yi godiya. Zancen rufi kuwa bai yi shi ba.

Magariba ta biyu, katantanwa uku kawai suka faɗo, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta tashi daga tabarma ta shiga ɗakin uwarta, wanda ba a buɗewa, ta zauna a bakin gado cikin duhu. Goggo ta tafi maƙwabta aron ashana. Mai Taya ya matsa jikin labule zai kira yarinyar, sai ya ji an yi ajiyar zuciya, an ce,

"Wash, gwiwar nan tawa. Ni dai mutumin nan zai kashe ni da dariya wata rana."

Mai Taya ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da bango. Muryar matarsa ce. Ba kama ba, ita ce, har da 'yar shaƙewar da take yi in ta sha iskar ruwa, har da yadda take jan "wash" ɗin. Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai hira da kanta: yau wani yaro ya cije ta a hannu, Baban yara ya sa wa Goggo ƙadangaren roba a takalmi, Auta ta fara haƙori. Tsofaffin maganganu ne, wasu na bara, wasu na shekara goma sha biyar. Da aka idar da salla a masallacin unguwa sai muryar ta ɗauke. Auta ta fito tana layi, ta kwanta, ba ta ci komai ba.

Ya san abin da ya kamata uba ya yi. Allah ya sani ya sani. Amma da yamma ta sake yi, sai ya tsinci kansa ya rufe rumfa da wuri, ya aiki Goggo sayen maganin sauro a shago mafi nisa, ya shimfiɗa buhu a jikin labulen ya zauna.

Kwana tara ana haka. Ƙurajen da aka ce sati guda, suka ƙi tafiya, don yarinyar ba ta daina susa ba har sai da farcenta ya yi jini. Ta daina cin abinci sai ruwa, ruwan ma sai wanda ya kwana. Wuyanta ya fito, idanunta suka faɗa. Da rana tana zaune kamar kayan wanki, in an yi mata magana sai ta dubi mutum daga nesa. Mai Taya yana ganin haka, kullum da safe ya ce yau zai nemo malami, kullum da yamma ya ce gobe.

A rana ta tara Goggo ta dawo daga rabin hanya don ta manta mayafinta mai kauri. Ta same shi a jikin labule, ya rufe ido, yana murmushi, hawaye ko ɗigo babu. Ta tsaya ta ji muryar. Ba ta yi ihu ba. Ta jira har aka yi shiru, sannan ta ce,

"Tun yaushe?"

"Yaya, ai hira ce kawai. Ba ta cutar da kowa."

"Ɗaga labulen nan ka dubi 'yarka."

Bai ɗaga ba.

"Na goya ka, na share maka hanci, ban taɓa jin kunyarka ba sai yau," in ji Goggo. "Ka binne uwa, yanzu kana haƙa wa 'ya rami da kunnenka."

Washegari ita da kanta ta je ta zo da malami. Wani tsoho ne siriri da ke koyar da karatu a bayan kasuwa, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka san shi da irin wannan aiki. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shayi, ya nemi ruwa a kwano da tabarma. Ya sa aka fito da Auta tsakar gida, Goggo ta riƙe ta ta baya, ya ce wa Mai Taya ya zauna inda zai gan shi.

Da rana ta faɗi sai iska ta tsaya. Katantanwa ɗaya ta faɗo kan kwano ta gangaro. Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, yana tofawa a ruwan yana yayyafa mata. An daɗe. Sai jikin yarinyar ya sandare, kanta ya karkata, ta yi wani nishi mai tsawo kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Ya isa, Malam. Yana ƙona ni."

Wannan ba muryar Auta ba ce, ba kuma ta uwarta ba. Tsohuwar murya ce, mai sanyi, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Wace ce ke?"

"Mai gindin ciyayi. Tun ba a san da wanka a tafkin nan ba nake can."

"Kin san Allah?"

"Na san shi, ina kuma tsoronsa."

"To me ya kai ki jikin 'yar mutane?"

Sai muryar ta ce, "Ba ita na zo nema ba. Mai bokiti nake nema. Shekara goma sha tara tana yi mini sallama, ba wanda ya taɓa yi mini kafin ita. Takan zauna ta ba ni labari, ni kuma in kore mata macizai. Sai ta daina zuwa. Na ji wannan," hannun Auta ya ɗago a hankali ya nuna Mai Taya, "yana shela a bakin ruwa cewa ta tafi wajen ƙanwarta, tana nan dawowa. Na jira. Kullum yana faɗa, kullum ina jira. Ran nan na ga zaninta, na ji sallama, na biyo. Da na shiga sai na tarar ba ita ba ce. Na ce to bari in zauna a gidan, in ta dawo ta same ni."

Goggo ta toshe nata bakin da mayafi.

"Ba a zama a jikin ɗan Adam," in ji Malam. "Kina kashe ta."

"Ku gaya mini ranar dawowarta, in fita yanzu."

Malam ya juya ya dubi Mai Taya, ya daɗe yana dubansa. "Daga bakinka ta ji," ya ce. "Daga bakinka za ta yarda."

Mai Taya ya yi 'yar dariya, irin wadda ya saba fara magana da ita. Ya buɗe baki. Wannan mutum da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ko a gaban ɗan sanda, sai ga shi yana in'ina kamar yaro.

"Ba ta... ba wajen ƙanwarta ta je ba. Ba ta da ƙanwa ma. Ta rasu. Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya. Ni na sa ta a ƙasa da hannuna."

Abin da ya fito daga bakin yarinyar ba ihu ba ne. Wani siririn kuka ne mai tsawo, irin na tsuntsun ruwa in ya rasa garke, har karnukan unguwa suka amsa. Ruwan da ke cikin kwanon Malam ya yi rawa. Da kukan ya lafa, muryar ta ce,

"Kun yi zaman makoki ba ku gaya mini ba."

"Ba mu san da ke ba," in ji Malam. "Allah ya ji ƙanta. Yanzu kin ji. Fita."

"Tsaya, Malam. Da shi zan yi magana." Idanun Auta, waɗanda ba nata ba, suka sauka kan ubanta. "Ni da kai ne muka yi rashi. Muryarta tana wurina, ta shekara goma sha tara, ko kalma ɗaya ban zubar ba. Kwana tara kawai ka ji. Ka bar ni a nan, kullum magariba in ba ka. Zan ci kaɗan daga jikin yarinyar, ba zan ci da yawa ba."

Sai kuma, cikin waccan muryar, mai 'yar shaƙewa: "Baban yara, ka ci abinci kuwa?"

Mai Taya ya dafe ƙasa da hannu biyu. Malam ya ɗaga kwanon ruwa zai ci gaba da karatu, sai ya fasa, ya ajiye. Ya ce, "Zan iya fitar da ita da ƙarfi. Amma in zuciyarka tana kiranta, gobe za ta dawo. Ƙofar a hannunka take."

Duhu ya fara cin tsakar gidan. Goggo ta kunna fitila da hannu ɗaya, hasken ya faɗa kan ƙafafun Auta. A nan ne Mai Taya ya dube su da kyau, karo na farko cikin kwana goma: sirara kamar sanda, duk sawun farce, farin magani ya bushe a kan jini. Ƙafafun da ya koya wa iyo a cikin Kaka.

"Abu ɗaya," ya ce. "Ranar ƙarshe da ta je wurinki. Me ta ce?"

Malam bai hana ba.

Muryar matarsa ta zo a hankali, da gajiya a cikinta. "Wash. Jikin nan ba nawa ba ne kuma, ban dai gaya masa ba. Ni ba tafiyar ke damuna ba. In na tafi, wa zai riƙa yi wa mutumin nan dariya? Rabin barkwancinsa ba daɗi, ni ce nake rufa masa asiri."

Wani abu ya fito daga ƙirjin Mai Taya, rabi dariya rabi wani abu daban. Ya girgiza kai ya daɗe yana girgizawa.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Ki tafi da muryar. Don Allah ki tafi da ita duka, ki bar mini 'yata."

"Ba za ka ƙara ji ba."

"Na sani."

"To ni ma ina da sharaɗi, Malam," in ji tsohuwar muryar. "Ku kai katantanwa inda take kaiwa, ban hana ba. Amma kada wanda ya ƙara yi mini sallama a gindin ciyayin nan. In na ji, zan ɗauka ita ce."

"An karɓa," in ji Malam. "Ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki dawo ba, ki fita ta ƙaramin yatsan ƙafa."

Ta yi alkawarin. Malam ya ci gaba da karatu. Ƙafar hagun Auta ta yi rawa, ƙaramin yatsan ya miƙe, sannan ya saki. Iska ta dawo, ta kaɗa labulen ɗakin, warin ruwan kwance ya bi ta ya fita. Can wajen tafki agwagi suka tashi gaba ɗaya, aka ji fukafukansu sun wuce ta saman gidan.

Auta ta yi atishawa sau uku ta buɗe ido. Ta dubi Goggo, ta dubi baƙon tsoho, ta ce da ƙaramar muryarta ta kullum, "Goggo, yunwa nake ji." Goggo ta fashe da kuka ta tashi da gudu ta nufi murhu. Malam ya naɗe tabarmarsa ya fita salla, bai jira rakiya ba.

Aka bar uba da 'ya. Ya matso ya ɗauki ƙafafunta ya ɗora a cinyarsa, ya buɗe kwalbar maganin yana shafa mata a hankali.

"Baba, me ya faru? Me ya sami fuskarka?"

Ya lalubi abin tsokana, ya duba ko'ina a cikin kansa, bai sami ko ɗaya ba.

"Auta," ya ce. "Mamanki ta rasu."

Yarinyar ta dube shi. Ta ɗora tafin hannunta a kan sanƙonsa, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Na sani, Baba. Ina riƙe da hannunta ai," ta ce. "Kai muke ta jira."

Sai a lokacin Mai Taya ya kifa kansa a kan gwiwoyin 'yarsa ya yi kuka, da ƙarfi, ba kunya, har maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya mutu.